Ragowar Saƙon Baba Sanni

Dab da magariba Kawu Kamaldeen ya aike ni rufe shagonmu na gyaran kwamfuta a unguwar Dichemso. Ban so zuwa ba. Na san abin da na bari a durowa.

Sati guda kafin nan Mma Safiatu ta kawo faifan kwamfutar mijinta, Baba Sanni makanike na unguwar Suame, wanda ya rasu da azumi. Ya naɗar mata saƙo a ciki.

Kawu ya sha faɗa mini: faifai in zai mutu yana kai ƙara. Yakan faɗi tsawon ƙarar, amma direba, wato manhajar da ke tsakaninsa da kwamfuta, wani lokaci gurbi kaɗan yake ba shi, sauran ya yanke. "Hikma, ki gwada abin da ya aiko da abin da ya iso."

Faifan Baba Sanni ya aiko ƙara mai harafi casa'in da shida. Sha takwas suka iso. Na gani. Amma ina kiran bidiyo a waya, ina kwaikwayon tafiyar Kawu da tarinsa, ƙawata na dariya. Na ce gobe zan kwafe saƙon.

Washegari faifan ya mutu. Guntu kawai na ceto: "Safiatu, abin da na kasa faɗa miki..."

Tun ina ƙarama nake kwaikwayon muryar Baba Sanni. Na ƙarasa masa saƙon da muryarsa, na naɗa. "Na yafe miki." Mma ta saurara, ta yi kuka, ta sa mini albarka.

To, a magaribar nan na shiga shagon. An ɗauke wuta. Ladan ya fara kira.

Warin baƙin mai. Ba ma ajiye mai.

Tak. Tak. Daga durowa.

Na jawo ta. Faifan babu waya a jikinsa, amma yana juyi. Ina jin sa a haƙorana.

Allon ya kawo haske. 96. 18.

"Wa ke nan?" na raɗa.

Bakina ya buɗe, ba ni na buɗe shi ba.

"Yarinya." Muryar Baba Sanni, har da shaƙewar. "Ba haka na ce ba."

Na toshe baki. Ta fito ta tsakanin yatsuna.

"Ki yafe mini. Haka na ce. Ni na cuce ta."

Ban san yadda na kai titi ba. Wata mai wake da shinkafa ce ta riƙe ni, tana tofa mini Ayatul Kursiyyu.

Da safe na durƙusa gaban Mma, na faɗi komai.

"Shi ke roƙona?"

"Eh, Mma."

"Shekara talatin ina jira. Kin sa na yi sati ina gode masa." Ta gyara mayafi. "Tashi. Sai na yi tunani."

Wata biyu ke nan tana tunani. Kowace magariba, in ladan ya fara, ɗanɗanon baƙin mai yakan taso mini, bakina ya soma motsi.