Dakan Mu'minat

Daren da ruwan tafkin Rusairis ya fara ja baya, na ji daka daga wajen tsohon ƙauyenmu, wanda ruwa ya shanye tun da aka ƙara wa madatsar ruwa tsayi. Bugu uku, sai tafi. Matata Mu'minat kaɗai ke cilla taɓarya sama ta tafa haka, ga shi shekara tara ke nan da rasuwarta.

Na ɗauki sandata na gangara ta gindin dutse, ina murna kamar yaro. Taɓon hanya sai ƙanshin jiƙaƙƙen gero yake yi. A bakin tafki na hangi mace ta ba ni baya, turminta na zaune bisa ruwa bai nutse ba.

Ashe an riga ni. Maƙwabcina Salih, wanda ya nemi aurenta kafin ni, ya shimfiɗa tabarma kamar wanda ya saba, yana shan fura a ƙwaryar da na sayo mata a Damazin.

Dakan ya tsaya. Salih ya waiwayo, ya goge baki.

"Ya Hajji," in ji shi, "wai sai yau ta kira ka?"