Ɗakin da Aka Auna da Hannun Wata

Maslinda ta buɗe hannuwanta tsakanin ginshiƙai biyu na sabon ɗakin, ta miƙe har kafaɗunta suka yi ƙara. Yatsunta ba su kai ba.

Ta sake gwadawa. Ina!

"Abang Shukor..." ta ce, da kiran da ake yi wa yaya. "Da hannun wa ka auna ɗakin nan?"

Shukor ya ajiye guduma a hankali.

Ko yaro a ƙauyen nan ya san ba a tada ɗaki sai da awon matar gida. Za ta buɗe hannuwanta, a yanki igiya daidai tsawonsu, da igiyar za a auna kowane ginshiƙi da kowace ƙofa. Wadda aka auna da hannunta gidan nata ne, ita ma ta gidan ce.

Shi kuwa wannan gida na kakarta ne, Tok Sepiah, gidan katako a kan dogayen ginshiƙai a bakin kogin Perak. Tun rasuwarta yake rufe, jemagu suka gaje shi, ɓangaren baya ya rufta. Maslinda ta ajiye aikinta na birni ta dawo don ta mai da shi masaukin baƙi, ta ɗauko Shukor kafinta, kafin a gama rufi zuciyarta ta riga ta tafi wurinsa. Amma tun da aka tada sabon ɗakin gidan ya juya mata baya. Matakala ta riƙa kama mata ƙafa. Ƙofa ta rufe a fuskarta babu iska. Da la'asar ƙanshin man gashin Tok ya cika tsakar gida, ga takun mutum a kan katako, a hankali, kamar mai jiran wani.

"Sayang, masoyiyata, da igiyar da Mak, mahaifiyarki, ta aiko na yi aiki," ya ce. "Kin san ta hana in auna ki da kaina tunda ba a ɗaura mana aure ba."

"Wa ya kawo maka?"

"Yayarki, Kak Rozita."

Dariya ta fito daga bakin taga. Rozita ce, 'yar yayar Mak, doguwa, tana zaune tana taje gashi. Sai yanzu Maslinda ta lura yadda ta rame, ta kuma tuna rabon da ta ga ta sauka ƙasa an kwana biyu.

"Gida ya san mai shi, ƙanwata," ta ce. "Mai gininsa ma zai sani, ki ba shi lokaci."

"Allah ya kiyaye!" in ji Shukor.

Maslinda ba ta tsaya ba. Ta sauko da gudu, ta tarar da Mak tsaye a gindin matakala da kwanon soyayyar ayaba. Nan take tsayawa kullum, ba ta taɓa hawa ba tun da aka fito da gawar uwarta.

"Mak, Kak Rozita ta canza igiyata!"

"Ni na canza."

Wallahi da mari ta samu da ya fi mata sauƙi.

"Mak... ke?"

"Ni!" Hawaye suka zubo wa Mak. "Da hannun uwata aka auna gidan nan. Ubana ya tafi ya bar ta, ba ta sauko ba. Muka watse, ba ta sauko ba. Ruwa ya ci ƙauyen nan har bakin taga, ba ta sauko ba. Ta mutu, Linda, har yau ba ta sauko ba! Ko ba kya jin ta?"

"Shi ne kika miƙa wa gidan 'yar 'yar'uwarki?"

"Ita ta roƙa. Ta ce tana son gidan da mai gininsa, na ce ɗauki duka. Ke ki rabu da shi da katakonsa, ki koma birni!"

Shukor ya sauko, ya tsaya nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Gidan nan babu ƙusa ko ɗaya, duk fegi ne," ya ce. "Zan iya kwance ɗakin, katako mai tsawo kuma ana rage shi. Amma sayang, ki yi tunani. Ni ba gida nake so ba. Ko ina kika nufa zan bi ki."

Maslinda ta ɗaga kai. Rozita na leƙowa ta taga, idanunta sun faɗa, tana murmushin da ba nata ba. Tsoro ya kama Maslinda har cikin ƙashi, tausayi kuma ya fi tsoron yawa.

"Idan muka tafi, ita fa?"

Ta juya ta dubi Shukor.

"Tok ita kaɗai aka bari a ciki, shi ya sa gidan ya riƙe ta," ta ce. "Abang... za ka bar ni?"

"Sai dai a fito da gawata."

"To, a ɗaura."

Aka ɗaura auren ranar Juma'a. Washegari Shukor ya buge fegi na farko don kwance ɗakin, Rozita ta ƙwalla ƙara, yayyenta suka sauko da ita tana fizge-fizge. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta yi shiru, ta dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ce yunwa take ji.

Maslinda ta tsaya a cikin gidan ta buɗe hannuwanta. Shukor ya ɗora bakin sabuwar igiya a kan yatsanta, yana neman wanda zai riƙe ɗaya bakin.

Matakala ta yi ƙara.

Mak ce take hawowa, tana dafa bango, fuskarta jage-jage da hawaye. Ta karɓi igiyar ta ja har ƙarshen yatsan 'yarta.

"Yanka," ta ce wa Shukor. Sannan ta ɗaga kai ta dubi rufin gidan, ta yi wa uwarta magana. "Ga ta nan, na kawo miki. Amma ita ba ita kaɗai ba ce, kin ji ko?"