Wanda Ya Fasa Madatsar Ishaƙu

A Tasawa ta wancan zamani babu sufeto, babu ofis. Sarkin Dogarai Attahiru shi ne duka biyun, kuma ba shi da fara'a.

Da hantsi aka kawo masa rahoto: ambaliya ta ci ƙauyen da ke gangaren ƙorama, an tsamo gawar yara biyu.

Shekara uku ke nan ruwa bai shiga ƙauyen ba, tun da wani manomi, Ishaƙu, ya tara gayya suka datse ƙoramar daga tudu da duwatsu da ƙasa, ruwa ya riƙa kwanciya a can.

Attahiru ya tsuguna bakin ɓarakar da madatsar ta yi, ya ga alamar sara.

"Ruwa ba ya yanka da galma. Wa ke zuwa nan?"

"Bube, da shanunai," in ji Ishaƙu.

Bube makiyayi ya rantse bai taka wurin ba. Attahiru ya nuna masa kashin shanu ɗanye.

"To, na shayar. Amma in fasa abin da ni ka sha? Ɗan Azumi dai na gani da galma."

Ɗan Azumi dattijo ne, gonarsa na gefen tabkin da madatsar ta tara.

"Ina kasuwar garin Cake jiya," ya ce.

Attahiru ya tasa shi gaba. Ya bi laka inda ruwa ya janye, har gindin wani gawo. Ga tudun kabari an gyara shi da hannu, an lulluɓe da ƙaya sabon sara don kuraye.

"Shekaranjiya wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Wa ke kwance?"

Dattijon ya zauna a ƙasa.

"Hindu ce, matata. Bana Ishaƙu ya ƙara ma datsin tsawo, ruwa ya haye kanta. Na je gare shi sau ukku, ya ce matacce bai jin sanyi. Kamu guda na yi niyyar buɗewa, wallahi. Sauran, ruwa ya ƙarasa."

"Yara biyu, Ɗan Azumi."

Dattijon ya rufe fuska, ya miƙa hannu aka ɗaure. Attahiru ya ji tausayinsa, kuma bai sassauta igiyar ba.

Hadari ya haɗo daga gabas. Suka wuce ta gaban Ishaƙu da mutanensa suna cike ɓarakar da sauri.

"Ranka shi daɗe, Hindu za ta sake nutsewa?" in ji Ɗan Azumi.

"Kafin la'asar," in ji Attahiru. "Mu tafi."