Igiyoyin Modibbo

"Kashe majigin nan, Huraira! Don Allah kashe shi!"

Jumare ne ya raɗa mini a kunne, amma mun makara. Hoton ya riga ya cika bangon ɗakin taro: ƙatuwar saniya an soke ta da jan layi, a ƙasanta an rubuta ɓaro-ɓaro, SHANU NA ƊUMAMA DUNIYA.

Ranar buɗe 'yar cibiyar kimiyyarmu ce a Birnin Gwari, ni ce kuma aka ɗora a kanta. Wata uku na yi ina bin mutane gida-gida kafin su yarda su zo su ji bayanin ɗumamar yanayi. Manoman Kusasu da Gayam a dama, makiyaya a hagu, mutanen da sai kwanan nan suka koma zama kan tabarma ɗaya bayan wahalar da dajin nan ya sha.

"Ato!" in ji wani manomi daga baya. "Ashe har zafin ma su ne!"

Modibbo, mahaifin Jumare, ya miƙe a hankali. Ya ɗauki sandarsa ya fita, makiyaya suka bi bayansa har na ƙarshensu.

Daga birni aka aiko hotunan, amma ni na fassara su da hannuna. Ni da digirina da rawar kaina, na tsaya gyara rubutu, ban tsaya na tuna waɗanda za su zauna a gabana ba.

Saura sati uku ke nan dangin Jumare su zo neman aurena.

Kafin la'asar bidiyon taron ya zaga rugage. Sadiya ce ta ɗauka, 'yar ƙanwar Modibbo, wadda tun tana goye ake tsokanarta da matar Jumare, ita kuma ta riƙe wasan da gaske. Ta yanke duk abin da na faɗa a kan hayaƙin masana'antu da saran daji, ta bar ni tsaye kusa da saniyar ina murmushi.

Kwana huɗu Jumare bai zo ba. Na yi kuka har Innata ta gaji da rarrashi ta koma faɗa.

A na biyar, da yamma, na tarar da shi a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, ya rame.

"Baffa ya ce a dakatar da maganar," ya ce, idonsa a ƙasa.

"A dakatar... ko a fasa?"

"Hurairata..."

"Faɗa mini gaskiya, Yaya Jumare!"

"Ya ce yarinyar da ta tsaya gaban jama'a ta ce shanunsa ne masifar duniya, ta yaya za ta sha nononsu?"

Na share hawaye. "Zan je na yi masa bayani. Akwai alƙaluma, akwai..."

Ya yi wata 'yar dariya mai ban tausayi. "Ke dai da bayani! Ranar nan awa biyu kika yi kina magana. Akwai wanda kika tambaya abin da ya gani da idonsa?"

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

"Kana sona har yanzu?" na tambaya.

"Kwana huɗu ban iya cin tuwo ba, kina tambayata? Gobe da hantsi zan zo na kai ki. Amma ki bar takardunki a gida, masoyiyata."

Rugarsu tana bakin daji, kusa da wani rafi. Muka tarar da Modibbo a inuwar ɗorawa yana tufkar igiya. Na cire takalmi, na durƙusa nesa da shi na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Sadiya na leƙe daga bayan bukka, bakinta har kunne.

"Baffa, na yi kuskure," na ce. "Na kunyata ku a gaban mutane. Ban zo kare kaina ba. Tambaya na zo yi, wadda ya kamata na fara da ita. Me ka gani ya canza a dajin nan?"

Ya daɗe yana tufkarsa kamar bai ji ba. Gwiwoyina suka fara ciwo.

Can ya ce, "Wancan, ɗauko mini jakar fatar nan."

Jumare yake nufi. Ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa.

Cikin jakar igiyoyi ne siriri, cike da ƙulle-ƙulle. Modibbo ya shiga jera su a kan tabarma, tsofaffi baƙaƙe a farko, sababbi farare a ƙarshe.

"Kowace igiya shekara ɗaya ce," ya ce. "Daga ranar da ruwan sama ya ɗauke, duk Juma'ar da rafin nan ya kai da ruwa, sai na yi ƙulli. Ranar da ya ƙafe na yanke igiyar. Da su nake sanin lokacin tashi da shanu. Mahaifina ya koya mini. Wannan ta shekarar da aka haifi wancan ce. Ƙirga."

Na ƙirga. Ashirin da biyu.

"Wannan ta bara ce."

Tara.

Na ɗaga kai na dubi jerin gaba ɗaya. Akwai masu tsawo a tsakiya, shekarun da damina ta yi kyau, amma daga wannan gefe zuwa wancan igiyoyin gajarta suke yi. Abin da na yi awa biyu ina fama da majigi na nuna, ga shi kwance a kan tabarma, shekara arba'in da ɗaya.

"Rana ta ƙara zafi, an sare itatuwan bakin rafi an yi gawayi," in ji shi. "Shanuna ne ke fara jin ƙishirwa. Sai ki zo ki ce su ne masu laifi?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baffa. Shanu na fitar da wata iska mai ƙara zafi, haka binciken ya nuna. Amma hayaƙin man fetur da kwal ne babban dalili, mu kuma a nan wahalar muke sha, manomi da makiyayi. Wannan ya kamata na faɗa." Na dubi tabarmar. "Ka ara mini igiyoyin nan mutane su gani."

"Ba a ara su."

Ya kwashe su ya mayar jaka. Na tashi jiki a sanyaye, Sadiya har da 'yar waƙarta.

Ranar kasuwa na sake kiran taro. Na sauke hoton saniyar, na tsaya gaban kujerun da rabinsu babu kowa, na nemi gafara. Ina cikin magana ƙofa ta buɗe.

Modibbo ne, jakar a kafaɗarsa, makiyaya a bayansa.

"Na ce ba a ara su," ya ce. "Ban ce mai su ba zai zo ba."

Da hannunsa ya rataye su a bango, ya yi bayani da Hausarsa mai gardin Fillanci. Sai manomin nan da ya yi ba'a ya taso, ya shafa wata gajeriyar igiya.

"Wannan shekarar ce masarata ta ƙone a tsaye," ya ce a hankali.

"Ni kuma na rasa maruƙa bakwai," in ji Modibbo.

Ranar ban kunna majigi ba. Har azahar suna ta magana, wannan ya kawo labarin rijiya, wancan na ɗorawar da ta daina 'ya'ya, ni ina rubutawa. Kafin a watse sun sa ranar dasa itatuwa a bakin rafi. Sadiya na can baya da wayarta a hannu, ba ta ɗaga ta ba.

Da mutane suka ragu, Modibbo ya kira ni. Jumare na tsaye bakin ƙofa yana ta murza hularsa. Tsohon ya zaro wata sabuwar igiya, fara sol, babu ƙulli ko ɗaya, ya miƙo mini.

"Ta bana ce. Idona ya fara rauni."

Na karɓa da hannu biyu. "Baffa, ai daga gari ba zan riƙa ganin rafin ba..."

"Na sani," ya ce, ya ɗauki sandarsa. "Shi ya sa za ki tare kusa da shi. Ki gaya wa mahaifinki muna tafe ranar Juma'a."

Na juya na dubi Jumare ta cikin hawaye.

Juma'ar da suka zo neman aurena ruwan sama bai ɗauke ba tukuna, amma ni na yi ƙullina na farko.