Shekarun da Ya Ƙi Bayarwa

Ƙafafunta sun gama kumbura lokacin da ta shiga shagon gyaran waya na ƙarshen layin. Tun safe take bin ƙofa-ƙofa da wani allo mai kibiyar nuna shekaru, tana tambayar da ba mai son ji. Ofishinsu na son sanin yadda jama'a ke auna kowace lalura, don masu tsara asibitoci su san maganin da za su fara saya. Doka ɗaya aka ba ta: ta karanta katin tambayar, kada fuskarta ta nuna komai.

Mai shagon na zaune bayan kantarsa. Ya ɗago ya ce, "Zauna ki huta, ko ba ki yi tambayar ba."

Ta zauna, ta karanto kamar rediyo. "A ce ba ka iya tafiya, ga ciwo yau da gobe, kuma shekara goma ta rage maka. Nawa za ka sadaukar don ka samu cikakkiyar lafiya?"

"Uku," ya ce a gajiye. "Ranar da bayana ya matsa min, huɗu."

Sai da ya zagayo kawo mata ruwa ta ga a keken guragu yake. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Kin karanto ni tsaf, Goma."

Sunan da ya ciro daga shekara goman katin ya bi ta, ita ma ta laƙaba masa Injiniya. Wayarta, baiwar Allah, ta riƙa lalacewa babu dalili.

"Goma tawa, yau gida nawa aka kore ki?" ya turo mata saƙo.

"Bari kawai, Injiniyana. Wata tsohuwa ta ce in bar mata shekarunta, ba ni na ba ta ba."

Matsalar ita ce Abbanta. Da ta fara aikin a kansa ta gwada allon, ta karanta masa wannan katin, ya tura kibiyar har ƙarshe ya ce gara mutuwa. Da maganar aure ta zo kuwa, bai ko ɗaga murya ba.

"Jikin da ni na ce ba zan iya zama a ciki ba, shi zan haɗa ki da shi? Ga ɗan gwaggonki likita yana jira."

Gajiya ta sa ta kwashe komai ta faɗa wa Injiniya, har da maganar kibiyar. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ke kuma nawa kika bayar?"

Ranar horo ita ma an yi mata tambayar. Ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Biyar. Kafin in san ka."

Bai amsa ba. Ta kira har ta gaji. Ta ci gaba da bin layuka, tana karanta katin da fuskar da ba ta nuna komai, tana dawowa gida ta ture abinci. Likitan ya zo sau biyu, ta gaishe shi kamar mai amsa tambaya.

Abba dai uba ne, ganin kwanonta yana dawowa a cike ya ishe shi. Wata safiya ya zaro allon daga jakarta, ya nufi shagon. Ya daɗe zaune a benci yana kallon yaron yana aiki, yana tsokanar kwastomomi, yana cije leɓe in ciwon ya motsa. Da shago ya yi sarari, ya ɗora allon a kan kantar.

"Ni ne mahaifinta. Nawa za ka bayar?"

Injiniya ya kalli kibiyar, bai taɓa ta ba.

"Abba, a da uku na bayar, kuma ciwon bai ragu ba. Fushi ma nake da ita. Amma yanzu ko kwana ɗaya ba na sayarwa. Duk wanda na bayar, kwana ne da ba zan gan ta ba."

Abba ya ɗauki allon ya tafi. Washegari ya kira magini, aka fasa matakalar ƙofar gidansa aka yi gangare. Goma ta tsaya tana kallon simintin, dokar fuskarta ta karye, ta fashe da kuka.

Ta ɗauki hoton ta tura masa. Amsa ta zo nan take.

"Ki gaya wa Abba kada a taka, bai bushe ba. Ina zuwa, Goma tawa."

Ranar ɗaurin aure Abba da kansa ya turo keken ya hau gangaren. Ya dafa kafaɗar surukinsa ya yi addu'a.

"Allah ya ba ku goma bayan goma, kada a rage muku ko ɗaya."