Ranar da Ba a Ci Kifin Kogi Ba

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Asabar aka ga gawar Eru Pohatu a ƙasan Tukunya. Tukunya ita ce inda kogin Mangahoe ke matsewa tsakanin duwatsu biyu, ya faɗo yana tafasa fari fat, har mutum ba ya jin muryar wanda ke gefensa. Dougal Finch ne ya gan ta, yana tuƙo jirgin roba da baƙi shida a ciki. Da farko ya zaci hular kwano ce wani ya yar. Da ya sa filafili ya taɓa ta, sai ta juyo da fuska.

Ranar gasar jirage ce, wadda garinmu ke yi duk tsakiyar Janairu, lokacin da zafi ke kankama a ƙasarmu. An kafa rumfuna a bakin ruwa, an rataya tutoci, duwatsun da ake dafa abinci da su a cikin rami sun yi ja tun asuba. Eru ne ya kamata ya busa usur ɗin farawa. Duk kogin babu matuƙi kamarsa.

Saja Arihia Waaka ita kaɗai ce 'yar sandan garin. Ta durƙusa kan gawar a bisa tsakuwa. Rigar ruwansa a ɗaure take tsaf, hularsa ta tsage ta baya, akwai rauni a ƙeya. Agogon hannunsa bai san abin da ya faru ba, yana ta tafiyarsa. A ƙugunsa kuwa akwai jar igiya a maƙale, doguwa, ruwa yana wasa da ita. Arihia ta jawo ta har ƙarshe, ta duba bakin. Ba tsinkewa ta yi ba. Yanka ne guda, a karkace, sumul.

Ta haura ta bakin kogi zuwa saman Tukunya. A can ta tarar da ragowar igiyar ɗaure a gindin itace, guntuwa, tana reto. A bayan babban dutse, inda ba a hange daga bakin ruwa, akwai wani baƙin gungume da ya kai shekara talatin a maƙale. An naɗa masa sarƙa, amma ba a gama ba. Ta gane abin da ya faru. Eru ya ɗaura igiya a jikinsa, ya shiga bayan dutsen don ya sa wa gungumen sarƙa a fisge shi da mota. Wani ya zo ya yanke igiyar.

Da ƙarfe goma dattawa suka taru, aka sa wa kogin rahui. Haka ake yi idan ruwa ya ci mutum: ba wanka, ba jirgi, ba a cin komai daga cikinsa sai an ɗage. Koro Tipene ne ya kafa sandar, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Shi ne yayan mahaifin Eru, shi ya raine shi, shi kuma ya koya wa rabin garin iyo, har da Arihia. Ya yi addu'ar daga farko har ƙarshe muryarsa ba ta rawa. Hannuwansa ne kawai ya ɓoye a hammata, kamar mai jin sanyi.

Kafin a watse, samari sun fara kallon Dougal. Wani ya ɗaga murya ya ce jiragen roba ba sa wahalar ƙonewa.

Arihia ta sa Dougal a motarta, ta rufe ƙofa.

"Ran Laraba, a taron kwamiti, me ka ce wa Eru?"

"Na ce wata rana kogin nan zai gaji da girman kansa."

"A gaban mutum ashirin."

"Saja, shekara goma sha biyu muna zagin juna ni da shi. Shi ya ce jiragena bahon wanka ne, ni na ce fuskarsa tana koran baƙi. Yanzu wa zan zaga?"

"Ba ni wuƙarka."

Ya ciro ta daga ƙirjin rigar ruwansa. Irin ta matuƙa ce, mai haƙora kamar zarto. Ta gwada ta a guntun igiya. Bakin ya fito buzu-buzu.

"Ina kake daga ƙarfe biyar zuwa takwas?"

"A hanya. Na je birni ɗauko baƙin nan. Tambaye su, ɗaya ma ta yi mini amai a kujera."

Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Shida suka ce haka ne, har mai aman.

"Ka tafi gida ka kulle rumfar jiragenka," in ji Arihia.

"Kin san dai ba za su yarda ba sai kin ba su wani suna."

"Na sani."

Mereana, matar Eru, tana zaune a bayan rumfar girki, da wuƙar fere dankali har yanzu a hannunta. Arihia ta zauna kusa da ita, ta zare wuƙar a hankali. Ƙarama ce, dakusasshiya, ba za ta yanka igiya irin waccan ba ko da an kwana ana gugawa.

"Yaushe ya fita?"

"Biyar da rabi. Gari ya fara haske."

"Wa ya san inda za shi?"

"Ni kaɗai. Ya ce in zo in tsaya masa a gindin itacen, in riƙa duba igiya. Na ƙi."

"Don me?"

"Mun yi faɗa. A kan abin banza, 'yar'uwa, a kan rigarsa da ya bari a kan gado a jiƙe. Na ce ya je ya auri gungumen nasa." Ta rufe baki da hannu. "Da na je, da yana nan."

"Me ya sa sai yau?"

"Kin manta yarinyar bara, da ƙafarta ta shige ƙarƙashin gungumen? Shi ya ciro ta, leɓunanta sun yi shuɗi. Tun ran nan ba ya barcin kirki. Ya ce ba zai busa usur ba sai ya fitar da shi. Ya ce da sassafe zai yi, kafin Koro ya gani."

"Me ya haɗa Koro da gungume?"

"Ke ma kin sani."

Ta sani. Mahaifin Eru ya nitse a Tukunya shekara talatin da suka wuce, ba a taɓa ganin gawarsa ba. Mako guda bayan haka ambaliya ta kawo gungumen ta ajiye a daidai wurin. Tun daga nan Koro Tipene yake gaishe shi duk safiya kamar ƙanin nasa ne, yana ba shi labarin gari, wa ya haihu, wa ya rasu. Mutane sun saba, ba mai dariya.

Mata huɗu suka shaida Mereana ba ta motsa daga bakin rami ba tun biyar da rabi. Ta huɗun ita ce Whaea Kuini, uwar girki, wadda ko a ranar mutuwa bakinta ba ya hutawa.

"Girkin nan dama tun safe ya ƙi," in ji ta, tana share ido da gefen riga. "Shekara arba'in tsohon nan, Koro Tipene, yana kawo mini dogon kifi ranar gasa, cike da kwandunan kamun kifinsa uku. Yau ya zo mini da su wayam. Wai ba su shiga ba. Na ce, kai tsoho, ko kifin ma sun gaji da surutunka ne?"

"Me ya ce?"

"Ko murmushi. Sannan ya ga bokitin ganyen da na tsinko a bakin ruwa, ya ɗauka ya kifar a ciyawa. Wai yau ba a cin abin kogi. Na ce tsufa ya fara taɓa shi."

Arihia ta daina rubutu.

"Ƙarfe nawa ke nan, Whaea?"

"Bakwai. Rediyo na cikin labarai."

"Kin tabbata ba bayan an ga gawar ba ne?"

"'Yar nan, na tsufa amma ban ruɗe ba. Lokacin ko dankali ba mu gama ferewa ba."

Arihia ta rufe littafinta. Ta koma mota ta zauna. Ta hangi samarin sun taru a hanyar da ke zuwa rumfar Dougal, ɗaya yana riƙe da galan. Ta leƙo ta ce su ba ta awa guda. Sannan ta juya kan motar zuwa sama.

Gidan Koro Tipene ɗaki ɗaya ne a kan tudu, yana kallon kogi. Kwandunan kifin suna rataye a jikin bango. Ta sa yatsa a cikin na farko. Yauƙin kifi ya biyo yatsan, sabo, bai bushe ba. Haka na biyu, haka na uku. Naman da ake sawa a ciki don jawo su an cinye shi tas.

Tsohon yana zaune a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa, tafukan suna kallon sama.

"Kin zo, 'yata."

"Na zo, Koro."

"Zauna. Ba ni da shayin ba ki. Ruwan gidan nan daga kogi yake zuwa."

Ta zauna a ƙarshen bencin.

"Koro, kifi sun shiga kwandunanka jiya."

"Sun shiga. Goma sha ɗaya. Ɗaya ya kai kaurin damtsena."

"Ka sake su."

"Na sake su."

"Ka kifar da ganyen Whaea Kuini da ƙarfe bakwai. An ga Eru da ƙarfe tara. Kai ka kafa sandar rahui da ƙarfe goma. Duk garin nan mutum ɗaya ne ya hana kansa abin kogi awa biyu kafin a san akwai gawa a ciki."

Wani tsuntsu ya sauka a kan kwando, ya leƙa ciki, ya tashi.

"Da baƙo ne ya yi," in ji ta, "da ya kawo kifin an gasa, mun ci gaba ɗaya, ba wanda zai sani. Kai ba za ka iya ba."

"In ciyar da mutane daga ruwan da yaron yake kwance? Har da matarsa?" Ya girgiza kai. "Na iya yin shiru. Wannan ne ban iya ba."

"Faɗa mini yadda aka yi."

Ya sa hannu a ƙarƙashin bencin, ya ciro wuƙar fiɗar kifi, siririya, an wasa ta har ta rame. Ya ajiye a tsakaninsu.

"Na sauka ɗauko kwanduna. Na ga motarsa, na ga igiya a miƙe ta zagaya bayan dutse. Na ce to, yau ya zo jan ubansa kamar mushen saniya. Sau uku na roƙe shi ya bari. Ya ce, Baba, itace ne kawai. Na kira sunansa, Tukunya ta haɗiye muryata. Na zaci ya hau sama ɗauko wani abu. Na zaci gungumen ne a ƙarshen igiyar."

"Ba ka leƙa ba?"

"Ban leƙa ba. Fushi ba ya leƙe. Na sa wuƙa sau ɗaya. Sai na ga jar hula ta fito daga bayan dutse. Eru ya ɗago hannu. Ban sani ba ko ni yake kira, ko ruwa ne ya ɗaga masa."

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa?"

"Na bi bakin ruwa ina gudu, irin gudun da ɗan shekara saba'in da takwas zai iya. Ban gan shi ba. Na ce Eru ne fa, zai fito a ƙasa yana zagina. Na jira. Da rana ta taɓa kan dutse na san ba zai fito ba. Na je wurin rami da niyyar faɗa, sai na ga Mereana tana dariya da matan. Bakina ya mutu."

"Samari suna shirin ƙona jiragen Dougal."

Ya ɗago kai a karo na farko.

"Baturen nan mai dogon hanci? Me ya yi?"

"Ba abin da ya yi. Suna ne suke nema."

"To, ki ba su nawa." Ya dafa bango ya miƙe. "Ki bi da ni ta wurinsu, su ji daga bakina. Daga nan ki kai ni inda ake kai irina."

Ta naɗe wuƙar a takarda, ta sa a jaka. Ta gaya masa abin da doka ta ce a gaya wa wanda aka kama, kalma bayan kalma, idonta a kan takalmanta. Ya saurara kamar yadda yake sauraron wa'azi a coci.

A bakin mota ya tsaya, ya kalli tafukan hannunsa.

"Na taɓa shi da aka fito da shi. Na rufe masa ido. Tun lokacin ban wanke hannu ba." Ya dubi kogin. "Shekara saba'in a can nake wankewa."

Arihia ta buɗe mota, ta ɗauko gorar ruwan da ta saya a kanti. Ya miƙo hannuwa biyu, ta riƙa zuba masa a hankali. Ya murza, ya yarfa kaɗan a kansa, ya yarfa kaɗan a nata, yadda ya koya mata tana ƙarama ranar da suka fito daga maƙabarta.

"Kwana nawa dattawa suka ce, Koro?"

"Uku. Ran Talata a cire sandar. Ki ce wa Kuini ta nemi wanda zai yi, ni ba zan ƙara sa ƙafa a ruwan nan ba."

Ta buɗe masa ƙofar gaba, ba ta baya ba. Hanyar gari tana bin bakin kogi, ta wuce ta saman Tukunya. Da suka zo daidai wurin, gungumen yana nan a bayan dutse da rabin sarƙarsa. Arihia ta rage gudu, don ta san duk safiya yana da abin gaya masa. Tsohon ya sauke gilashi, ya buɗe baki. Ya daɗe a haka.

"Mu tafi, 'yata," ya ce. "Wannan labarin ban san yadda zan ba shi ba."