Golmo a Lambun Ƙaya

"Yari! Mi ka yi wa shukokin Baba?!"

Keziah ce, yarinyar da nake nema, tsaye a ƙofar lambun da jakar tafiya a kafaɗa. Na sunkuyar da kai. Ni dama ba mai yawan magana ba ne.

Babanta, Baba Markus, tsohon soja ne. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru, bai noma dawa kamar kowa ba. Sai ya kafa rumfuna a bayan gari ya cika su da tukwanen shuke-shuken ado: ƙerana, tinya, zabo, kariya, da wasu dunƙulallun ƙayoyi da ban san sunansu ba. 'Yan sari ke zuwa da mota daga Abuja da Kaduna su kwasa.

Ranar da na fara shiga lambun na je gaishe shi ne. Na duƙa, ƙaya ta soke ni a gwiwa, Keziah ta kusa faɗuwa don dariya. Baba bai yi ba.

"A wurinmu ba a ba da ɗiya sai saurayi ya yi golmo, ya yi wa suruki noma," in ji shi. "Ni ba ni da gona. Nan za ka yi naka."

Da shi da Keziah za su Wasagu bikin 'yar'uwa, ya bar min lambun.

"Ka tsare shi daga awaki. Shi ke nan."

Shi ke nan? Golmon da ubana ya yi har tafinsa ya yi kanta? Na dubi ƙasar tukwanen, busasshiya, duk yashi da tsakuwa. Tausayi ya kama ni. Na kwaso takin shanu daga gidanmu a Dabai. Na riƙa jido ruwa safe da yamma, kowace tukunya sai ta ƙoshi.

Yanzu ga su. Shukokin rumfa guda sun yi laushi, gindinsu ya yi baƙi, suna wari.

Keziah ta taɓa wata ƙerana, sai ƙeranar ta faɗi yaraf.

"Wayyo Yesu... ruwa ka ba su?"

"Suna jin ƙishi."

"Su suka gaya maka?"

Baba ya shigo a bayanta. Ya bi layin tukwanen a hankali, yana dannawa da sandarsa. Da ya yi tsawa da ya fi min sauƙi. Ya ce kawai, "Mi na ce ka yi?"

"Tsaron awaki, Baba."

"Akuya ta shigo?"

"A'a."

"Da ta shigo da ta fi ka imani."

Na ɗauki hulata na nufi ƙofa. Na san an gama.

"Ina za ka?" Keziah ta sha gabana, idonta jawur. "Haka za ka tafi? Ba haƙuri, ba komai?"

"Na ɓata, Keziah."

"Ka ɓata! Su da ba sa son ruwa ka cika su har suka ruɓe. Ni da nake jiran kalma ɗaya daga bakinka tun muna sakandare, ka bar ni kamar tsakuwa! Sai ka kawo rake ka ajiye ka tafi. Rake ne zai aure ni?"

Baba ya yi tari ya juya mana baya. Kafaɗarsa na motsi, yana danne dariya.

Can ya miƙo min wuƙa.

"Zo nan, manomi. Yanke daga sama, inda bai ruɓe ba. Kula da idonka, nonon tinya ba ya wasa. Ka shanya su a inuwa har bakin yankan ya bushe, sannan ka dasa a yashi. Kuma in na ga bokiti a hannunka..."

"Za su rayu, Baba?"

"Wasu. Ranar da suka yi saiwa, ka turo manyanka."

Na yi makonni ina zaune gaban tukwane, hannuna na ƙaiƙayin ba su ruwa. Ban taɓa noma mai wuyar wannan ba. Keziah kan kawo min kunu, ta zauna nesa tana hararata.

Wata safiya Keziah ta ɗaga wata 'yar ƙerana a hankali. Fararen saiwoyi, sirara kamar zare, sun kama yashi.

"Yari... duba!"

Na duba. Na ce, "Keziah."

"Mi?"

"Ina... ina son ki. Tun ranar da kika ara min biro."

Ta rufe fuska da gyale tana dariya, hawaye na zuba ta ƙasa.

"Ƙara, Yarina," in ji ta. "Ni ba ƙerana ba ce. Ba zan ruɓe ba."